Ɓarawon Littafi da Ɓarawon Unguwa: Yadda Adabinmu Ke Kallon Mai Laifi

Wa ya kashe Malam Shehu? Duk wanda ya karanta Jiki Magayi, littafin da John Tafida ya rubuta tare da Rupert East aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, zai ce ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ɗansa Kyauta ne ya kashe shi, ranar da ya shiga gida sata bai san gidan mahaifinsa ya shiga ba. To, amma Kyauta ba shi ya zaɓar wa kansa sata ba. Abubakar ne ya bar gari, ya sha baƙar wahala yana neman asirin da zai lalata yaron, kuma ya samu. Shi ma Abubakar ba haka kawai ya wayi gari da mugun nufi ba. Saurayi ne mai son Zainabu, magana ta yi nisa, sai attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiyarsa ya raba su, saboda yana neman haihuwa ido rufe. Akwai kuma waɗanda suka ga dukiyar suka manta da alkawari. Kafin ka rufe littafin za ka tarar da hannun mutum huɗu ko biyar a cikin jinin nan, har da hannun mamacin kansa.

Kusan shekara 90 ke nan da wannan ɗan ƙaramin littafi ya gane cewa laifi yana da asali da dangi, ba daga sama yake faɗowa ba. Sai dai a wuri ɗaya ya ja da baya, kuma wurin nan ne adabinmu ya daɗe yana ja da baya. Da aka zo kan zuciyar Kyauta, yaron da aka haifa cikin gata ya koma ɓarawo, sai aka ce sammu ne. Da zarar an ce sammu, tambaya ta ƙare. Ba sai mun san abin da yake ji ba ranar da ya fara miƙa hannu kan kayan mutane, ko yadda kunya ta riƙa raguwa a fuskarsa har ta ƙare. An sauke masa nauyin, mu ma masu karatu an sauke mana. Har gobe in ɗan gidan mutunci ya lalace, kalmar farko da ke fitowa daga bakin dangi ita ce, “An yi masa hannu.” Ban ce babu sihiri ba, addini ya tabbatar da shi. Na ce sau da yawa da shi muke rufe maganar da ba ma son buɗewa.

Kafin zuwan littafi, ɓarawon da muka fara sani abin dariya ne. Gizo yana cin amanar kowa, ya yaudari kura, ya cuci zaki, ya sace abincin surukai, in an kama shi ya sha duka ya tsere, gobe ya dawo da sabuwar dabara. Babu tatsuniyar da Gizo ya kwana bai yi barci ba saboda abin da ya aikata. Littattafan da suka fito daga gasar da East ya shirya a 1933 sun gaji wannan jini. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna bin juna gari-gari da makirci, ana ɗaure wannan, ana korar wancan, mai karatu yana ƙyaƙyata dariya. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo kuwa kusan gaba ɗayansa wayon ɓarayi ne. A irin waɗannan labarai sata gwanintar hankali ce, wanda aka yi wa ita kuma wawa ne ko marowaci, ba a tsayawa a dubi halin da aka bar shi a ciki.

A cikin waɗancan littattafai na farko, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya ƙi yin dariya. Satar da ke cikinsa satar mutane ce: an ɗauke yaro, an bi da shi hamada, uwa ta bazama nemansa ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta galabaita, ta cika jim kaɗan bayan ta sake ganin ɗanta. Ɓalewa bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, ya dai jera abin da ya faru cikin natsuwa, kuma natsuwar ce ke sa jikin mutum ya yi sanyi. Wanda ya sake karanta shi a wannan zamani na garkuwa da mutane zai ji kamar jiya aka rubuta.

Makaɗa ma ba a bar su a baya ba. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, ya kuma taɓa ɓarayi. Muhammadu Gambo na ƙasar Kabi, wanda duniya ta sani da Gambo mai waƙar ɓarayi, ya mayar da abin sana'a sukutum, yana kiran ɓarayi da sunayensu, irin su Tsoho Tudu, yana zuga su kamar yadda ake zuga ɗan dambe. Mutanen da ba su taɓa satar ko allura ba sun sayi kaset ɗinsa sun saurara a tasha da shagon tela. Me ya ja su? Ina ganin abu biyu ne suka haɗu. Akwai gwanintar harshe wadda ko maƙiyinsa ba ya musun ta, akwai kuma wani ɓoyayyen daɗi da talaka ke ji in ya ga an shiga gidan mai hali an fita lafiya. Wannan daɗin bai kamata mu yi kamar ba mu san shi ba, domin shi ne ƙofar da masu yabon 'yan bindiga ke bi a yau.

Hanyar da ta fi kama zukatan marubutanmu, musamman daga shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, ita ce ta alhaki. A bar mugu ya yi ta tsula tsiyarsa har kusan ƙarshen littafi, sa'an nan Allah ya kama shi: hatsarin mota, shanyewar ɓarin jiki, hauka, karayar arziki. Littafin da ya fi kowanne iya wannan salo, a ganina, shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma gidansa ba ya ganin arzikinsa. Ya auro Delu, macen bariki, rigima ta tashi, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran da guminta, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci a gidan wadata. Shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu ta nuna masa halinta, ya dawo ba shi da ko anini.

Abin da ya ɗaga wannan littafi sama da takwarorinsa shi ne irin laifin da ya zaɓa. Alhaji Abdu bai yi fashi ba, bai kashe kowa ba, babu ɗan sandan da zai kama shi. Laifinsa na cikin gida ne, irin wanda ake aikatawa kullum a bayan labule: a ba da kuɗin cefanen da ba zai ciyar da rabin gidan ba, a fita a ci tsire a waje, a dawo ana faɗa don miya ba ta yi daɗi ba. Balaraba ta kira wannan da sunansa, zalunci. Ta kuma yi gaskiyar da marubuta da yawa ba za su yi ba, domin a ƙarshe ba ta bar Rabi ta ci nasararta cikin kwanciyar hankali ba. Maza na dangi suka taru suka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulakanta ta, yanzu da ba shi da komai sai buƙata. Alhakin ya kama Alhaji, amma wani ɓangaren hukuncin a kan Rabi ya sauka.

Duk da haka akwai abin da ke damuna game da gobarar nan, da duk gobarar da ke tashi a babi na ƙarshe na littattafanmu. Wuta tana yin aikin da dangi da maƙwabta da alƙali suka ƙi yi. Mai karatu yana rufe littafi da sanyin zuciya cewa Allah ba ya barci, kuma gaskiya ne ba ya barci, amma bai yi mana alkawarin cewa duk azzalumi zai ga sakamakonsa a nan duniya a gaban idonmu ba. Mun ga waɗanda suka ci dukiyar marayu suka mutu a kan katifa mai laushi, aka cika unguwa da motoci ranar jana'izarsu. Yarinyar da ta tashi da karatun littattafan da kullum mugu ke haukacewa a shafi na ƙarshe, ranar da ta ga mugun gidansu yana ƙara ƙiba, me za ta ce? Ko dai ta yi zaton ba mugu ba ne, ko ta zauna jiran gobara. Sa'an nan nadamar da ke zuwa bayan karayar arziki nadama ce mai rauni. Mutumin da ya zo yana kuka bayan shagonsa ya ƙone, ba ka sani ba ko laifinsa yake yi wa kuka ko shagon.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 an sami wasu marubuta da suka ɗaga kai daga gida ɗaya suka dubi ƙasa baki ɗaya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya baro ƙauye don ruɗin birni har ya faɗa cikin miyagu. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci, inda babban mai laifi ba ya haura katanga, da rana tsaka yake aikinsa, manya na gaishe shi. Sai kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, littafin da har yau ban ga na biyunsa ba wajen duhu. Mailoma ɗan Maguzawa ne da ya bar ƙauyensu ya zama uban 'yan ta'adda a Nijeriyar bayan yaƙin basasa, lokacin da makamai suka yi yawa a hannun mutane, kuɗin mai suka shigo, rai ya yi arha. Gagare ya tara masa yara daga kowace ƙabila da kowane addini, ya nuna cewa ta'addanci kamfani ne mai shugaba da ma'aikata da masu ɗaure masa gindi. A lokacin wasu sun ɗauke shi almara irin ta fina-finan ƙetare. Wanda ke zaune a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari a yau ba zai ce haka ba.

Abin da ya yi ƙaranci a duk wannan tafiya shi ne marubucin da zai shiga cikin mai laifi ya zauna, ya bar mu mu ji yadda zuciya ke yi wa kanta huɗuba kafin aikin, da yadda take cin mai ita bayansa. A nan ne ake yawan kawo misalin marubucin Rasha, Dostoyeski, da littafinsa na 1866 wanda sunansa ke nufin laifi da hukunci. Mutumin ya san abin da yake faɗa, domin a 1849 an yanke masa hukuncin kisa, an kai shi filin harbi kafin a sanar da sassauci, sa'an nan ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk a Saberiya tare da masu kisan kai. Jarumin littafin, Raskolnikof, ɗalibi ne da talauci ya fitar daga jami'a. Ya shawo kan kansa cewa wata tsohuwa mai ba da bashi da jingina ba ta da amfani a duniya, kuma mutum mai basira irinsa yana da ikon tsallake dokar da ta ɗaure gama-gari. Ya kashe ta da gatari. Ƙanwarta Lizabeta, baiwar Allah da ba ta cikin lissafinsa, ta shigo ba zato, ita ma ya kashe ta. Duk wannan a kashin farko na littafin ya faru. Sauran kashi biyar ɗin, zazzaɓi ne da firgita. Ya tura abin da ya sata ƙarƙashin wani dutse ko ƙirga kuɗin bai yi ba. An kira shi ofishin 'yan sanda kan bashin kuɗin haya, ya ji ana hirar kisan, ya faɗi sumamme. Ƙafarsa ta mayar da shi gidan da ya yi kisan, ya riƙa jan ƙararrawar ƙofa. Uwarsa da ƙanwarsa suka zo, ya kasa zama da su, domin abin da ya aikata ya yanke shi daga duk mai ƙaunarsa. Babu gobara, babu hatsarin mota. Kuma ko da ya miƙa kansa aka ba shi shekara 8 a Saberiya, ya daɗe yana ganin kuskurensa kawai shi ne rashin jarumtar riƙe sirrin. Marubucin bai yi masa gaggawar tuba ba.

Amma ba sai mun je Rasha ba. Abin mamaki shi ne irin wannan kallo na cikin zuciya yana nan a littattafan da muke karantawa a masallaci da makarantar zaure, muka bar shi a can ba mu shigo da shi cikin ƙagaggun labaranmu ba. Alƙur'ani bai ɓoye mana kisan farko a bayan ƙasa ba. A Suratul Ma'ida an nuna yadda ran ɗan Adamu ya ƙawata masa kashe ɗan'uwansa, da yadda ya tsaya da gawa bai san yadda zai yi da ita ba, har hankaka ya koya masa tono. 'Yan'uwan Annabi Yusuf sun zauna sun yi shawara, har suna yi wa kansu alkawarin za su zama mutanen kirki bayan sun gama, sa'an nan suka zo wa mahaifinsu da dare suna kuka da riga mai jinin ƙarya. Wannan dabara ta “bari in yi, daga baya na tuba” duk wanda ya san zuciyarsa ya san ta.

Dubi kuma labarin Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, kuma yana babin tuba na Riyadus Salihin da ake karantawa a unguwanninmu. Da bakinsa ya ba da labarin yadda ya ƙi fita yaƙin Tabuka. Bai nemi uzuri ba. Ya ce bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba, har raƙuma biyu gare shi. Kullum sai ya fita da niyyar shiri ya dawo bai yi komai ba, yana ce wa kansa gobe ma rana ce, har runduna ta yi nisa. Da ya ji an kusa dawowa ya fara tsara ƙaryar da zai yi, sa'an nan ya watsar ya faɗi gaskiya. Aka hana kowa yi masa magana, shi da abokansa biyu, har kwana 50. Yakan yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sallama, ya riƙa satar kallo ko leɓensa ya motsa. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, mutumin da ya fi so, ya yi sallama ba a amsa ba, hawaye suka zubo masa. Sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana kiran sa ya zo a girmama shi, ya jefa ta a tanderu. Ga jinkiri, ga yaudarar kai, ga kaɗaici, ga jarrabawar da ke zuwa wa mutum daidai lokacin da ya fi rauni. Al'ummar da ta gaji wannan labari ba ta da dalilin cewa leƙa zuciyar mai laifi baƙon abu ne a wurinta.

To, me ya hana? Wani ɓangare tarbiyya ce, kuma tarbiyya mai kyau a muhallinta. An koya mana rufa asiri, an hana mu tallata zunubi, Bahaushe kuma ba ya son a ga cikinsa. Wani ɓangaren kuwa tsoro ne. A wurinmu ba a cika raba marubuci da jaruminsa ba. Mace ta rubuta labarin karuwa da murya mai tausayi, sai a fara tambayar inda ta san wannan rayuwar. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ikonta ya haɗa da littattafai. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan kare tarbiyyar 'yan mata, daga baya hukumar ta nemi marubuta su yi rajista. Marubucin da ya ga haka zai koyi darasi: ka sa mugunka ya zama baƙi ƙirin tun shafin farko, kada a ga ɗigon mutuntaka a jikinsa, ka hallaka shi a ƙarshe, ka rubuta darasin da manyan baƙaƙe. Ba mamaki da ya zama littattafan da suka fi kusantar zuciyar ɗan daba da almajirin da aka ba wuƙa ranar zaɓe, wato na Abubakar Adam Ibrahim da ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016 da na Elnathan John, da Turanci aka rubuta su. Jarumansu, Reza da Ɗantala, Hausa suke yi a cikin labarin, amma yawancin masu irin rayuwarsu da iyayensu ba za su taɓa karanta su ba.

Ba na raina damuwar masu tacewa. Iyaye ne, kuma abin da suke tsoro yana faruwa. Akwai rubuce-rubucen da ke yawo a WhatsApp da Wattpad waɗanda ke kwatanta fyaɗe don jin daɗin mai karatu, sa'an nan a aurar da yarinyar ga wanda ya keta mata haddi a kira shi soyayya. Akwai waƙoƙin da ke yabon ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensa, akwai 'yan bindigar da ke baje kuɗin fansa a TikTok matasa na yi musu kirari. Wannan ba fallasa duhu ba ne, tallarsa ne. Amma ma'aunin da zai raba su da adabi na gaskiya ba yawan muni ba ne. Ma'aunin shi ne, ina wanda aka zalunta? In labari ya nuna maka ɗan fashi da bindigarsa da babur ɗinsa da kirarinsa, ya ɓoye maka matar da ta sayar da gona da shanun huɗa don ta fanshi mijinta aka kuma ba ta gawa, wannan labari ya yi maka ƙarya komai tsabtar kalmominsa. In kuwa ya bar ka ka ji numfashin mai kisa, kuma bai bar ka ka manta da fuskar wanda aka kashe ba, to ya yi aikin da wa'azi da yawa ba su yi ba. Almakashin mai tacewa ba ya iya wannan bambancin, kalmomi yake ƙirgawa.

Illar mugun da aka zana da ƙaho ita ce, ba ma gane na gaskiya in ya zo. A ƙarshen 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano. Da asiri ya tonu a Janairun 2022, sai ga shi mai makarantar da take zuwa ne, mutumin da iyayenta suka damƙa masa amanarta, wanda har gida ya je jaje. Ya nemi kuɗin fansa, ya ba ta guba, ya binne ta a harabar makaranta. Babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Abin da ya fi gigita mutane ba kisan kaɗai ba ne, kamanninsa ne: malami, mai iyali, mai magana a hankali. Kowa na cewa, “Wallahi bai yi kama da wanda zai aikata ba.” Da wa zai yi kama? Littattafanmu da fina-finanmu sun saba mana da mugu mai jajayen idanu da tabo a kumatu, yana dariyar ƙeta a kango. Ba su cika nuna mana mutumin da bashi ya kama, ya fara da tunanin da ya kore shi, ya dawo masa, ya ce ai ba zai cutar da ita ba, kwana biyu ne kawai, har ya kai inda yake ganin ba shi da hanyar komawa.

Wannan jahilci namu game da yadda ake zama mai laifi shi ne kuma ke hura wutar hukuncin titi. A yi ihun ɓarawo a kasuwa, kafin a tambayi abin da ya ɗauka an nemo taya da fetur. Waɗanda suka yi jifan za su koma gida su yi alwala su yi salla, babu wanda zai kira kansa mai kisan kai, domin a ransu ba mutum suka kashe ba, ɓarawo ne. Haka ɗan sa-kai da ya tare Bafulatani a hanyar kasuwa ya yanka don ƙabilarsa kawai, haka ɗan bindigar da ya ƙone ƙauye yana cewa ramuwa yake yi. Kowannensu yana da labarin da yake ba kansa da dare, wanda a cikinsa shi ne aka zalunta. Wannan labarin na dare shi ne aikin marubuci ya tono, domin a cikinsa ne ake ƙulla kisan gobe.

Sai batun tuba, inda rashin ya fi yi mana tsada. Auwalu Daudawa shi ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. A Fabrairun 2021 ya bayyana a Gusau, ya ajiye bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani a gaban jami'an gwamnati da 'yan jarida. Kafin wata uku ya koma daji, a can aka harbe shi a faɗa da wata ƙungiyar. Gwamnatocin Katsina da Zamfara sun sha yin irin wannan sulhu, a Arewa maso Gabas kuma tun 2016 sojoji ke gudanar da shirin gyaran tubabbun 'yan Boko Haram, wanda sansaninsa ke Malam Sidi a Jihar Gombe. Ban ce kada a karɓi mai tuba ba. Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na ɗari, kuma duk da haka ƙofa ba ta rufe masa ba, yana nan a babi ɗaya da labarin Ka'abu. Amma a hadisin an umarce shi ya bar ƙasar da yake ɓarna, kuma ya kama hanya da gaske har mutuwa ta riske shi a kanta. Malamanmu sun shimfiɗa sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Sharaɗin ƙarshen nan ne ba a gani a bikin miƙa makamai. Ana ɗaukar hoto da gwamna, ba a kiran matar da aka mayar bazawara a tambaye ta ko an zo neman gafararta. Jama'ar da ta saba ganin tuba a fim cikin minti biyu, mugu ya durƙusa ya yi kuka a yafe masa a rufe da addu'a, ba ta da abin da za ta auna tuban Gusau da shi.

Ɓangaren waɗanda aka zalunta ya fara samun masu ba da labarinsa, kuma mata ne a gaba. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta buɗe da labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar 'yan gudun hijira, kuma tun daga nan ake samun gajerun labarai kan fyaɗe da garkuwa da dukan mata waɗanda da ba za a buga su ba. Ɗaya ɓangaren, na masu aikata laifin, shi ne har yanzu ba kowa. Yaron da aka kora shanun ubansa yana ɗan shekara 12, aka ba shi bindiga yana 15, yanzu yana gadin mutanen da aka ɗaure a daji yana jin suna kiran sunan Allah da harshen da uwarsa ke kira. Mai kai wa 'yan bindiga bayani, wanda ke sahun gaba a masallacin ƙauye, ya san gidan da aka sayar da hatsi jiya. Matar da ke dafa musu abinci. Jami'in da ya sayar da harsashi. Waɗannan mutane Hausa da Fulatanci suke tunani, kuma akwai marubuta a Gusau da Funtuwa da Maraɗi da suka san su ido da ido, sun san yadda suke gaisuwa da abin da suke cewa in an ambaci mutuwa. Abin da marubutan nan ke buƙata shi ne madaba'ar da za ta buga, da alƙalan gasa da ba za su mayar da labari don mugun cikinsa bai haukace a ƙarshe ba, da hukumar da za ta karanta littafi har ƙarshensa kafin ta yanke masa hukunci.